Taurarin ɗan Adam da itatuwan Damagaram

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, akwai na'urori da mutane suka ƙera suka harba sama, suna kewaya duniya dare da rana. Ana kiransu taurarin ɗan Adam. Aikin wasunsu ɗaukar hoton ƙasa ne. Amurka ta harba Landsat na farko a shekarar 1972. Irinsa na yanzu yana can sama wajen kilomita 700, kuma yakan komo kan wuri ɗaya bayan kwana 16.

Hotunan suna nuna inda tsiro ya yi kore da inda ƙasa ta bushe. Suna nuna tabkuna, da tulin rairayi irin na yankin Gure.

Bayan babban fari, an kafa cibiyar Agrhymet a Yamai a 1974. Masananta suna duba irin waɗannan hotuna, su ƙiyasta ruwan sama da yawan ciyawa. In damina ta gaza a wani yanki, hukuma ta sani tun kafin kaka. In hamada ta yi kore bayan ruwa, sai a aika ma'aikata su duba, domin a irin wurin nan farin ɗango suke hayayyafa.

Akwai labari mai daɗi game da jiharmu. Bayan farin 1984, da yawa sun ɗauka itatuwanmu sun ƙare. Amma da masana suka gwada hotunan jirgin sama na 1975 da na tauraro na wajen 2005, sai suka ga itatuwa sun ƙaru ƙwarai a gonakin Magariya, Matamai da Mirya. Galibinsu gawo ne. A kudancin Nijar duka, an ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5.

Wa ya yi wannan aiki? Manoma ne, ta hanyar sassabin zamani. Sun bar tohon kututture ya girma. Gawo yakan zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana. Ganyen taki ne, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi.

Tauraro gani kawai yake yi, ba ya renon itace. Saboda haka, bana lokacin sharar gona, kada mu sare toho duka. A kowane kututture mu zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, mu gyara su, mu kare su daga wuta da awaki.