Komawar Masana ga Fiffiken Ƙwari

A shekarar 1934 wani masanin Faransa, Antoine Magnan, ya auna tashin ƙwari da ƙa'idojin da ake ƙera jirgin sama a kansu, sai hisabi ya nuna masa cewa bai kamata su iya tashi ba, alhali ga su nan suna shawagi a gaban kowa. Illar tana cikin ƙiyasin, domin fiffiken jirgi kafaffe ne, iska ke bi ta kansa, shi kuwa na ƙwaro kaɗawa yake yi, yana murɗewa a ƙarshen kowane bugu.

Abin da ya jawo hankalin ma'abota ilimi ga wannan fage, a ganina, shi ne samuwar na'urorin da ke riskar abin da ido ya gaza gani. A 1996 Charles Ellington da abokan aikinsa a Jami'ar Kambirij suka busa hayaƙi a kan wani babban malam-buɗe-littafi na dare, suka ga wata 'yar guguwa tana manne da gaban fiffiken muddin yana sauka, kuma ita ce ke rage nauyin iskar da ke samansa har jikin ya ɗagu.

Ƙirar fiffiken kuwa abar ta'ajibi ce, domin babu tsoka ko ɗaya a cikinsa; fata ce siririya da jijiyoyi suka tokare, masu kauri ta gaba, masu laushi ta baya, an kuma tattare ta hawa da sauka kamar kwanon rufi, ta yadda ba ta karyewa a tsawonta, amma tana yarda ta lanƙwashe gwargwadon buƙata. Farar hamada, wadda manomanmu suka san sharrinta, tana kaɗa nata kusan sau 20 a sakan ɗaya, kuma binciken da aka yi a Okasfod a 2009 ya tabbatar da cewa da a ce fiffikenta sandararre ne, da ta fi haka ɓarnar ƙarfi a tafiya. Ƙudan zuma kan kai sau 230, sauro ya haura 500, abin da jijiyar saƙo ba ta iya umarta bugu-bugu. Ƙirjin ne da kansa ke karkarwa, wani sinadari mai miƙewa da komawa, wanda Torkel Weis-Fogh ya bayyana a 1960, yana mayar da wani kaso na ƙarfin da aka kashe. Karkarwar da maƙeran jirgi ke ɗauka aibi, a nan ita ce tattalin guzuri.

Natijar wannan ilimi ta bayyana a 2013, sa'ad da Jami'ar Harvard ta tayar da RoboBee, na'urar da ba ta kai nauyin giram ɗaya ba, mai kaɗa fiffike sau 120 a sakan. Sai dai ta tashi ne ɗaure da siririyar waya mai kawo mata lantarki, saboda ba a sami batirin da za ta iya ɗauka ba.