Saƙon salula ba likitan dabbobi ba ne: yadda za ku tantance labarin lafiyar bisashe



A rangadin rigakafin da ya wuce, na iske wani dattijo a wajen Dogonkiriya ya ɓoye awakinsa. Ya kunna mini saƙon murya a WhatsApp: wani da bai faɗi sunansa ba yana rantsuwa cewa allurar gwamnati tana sa awaki ɓari. Bayan wata biyu zawo da majina suka shiga garken, ya rasa fiye da rabi. Abin da ya hana shi allura saƙo ne da ba wanda ya san daga inda ya fito.

Me ya sa irin wannan saƙo ke saurin iso muku? Facebook, TikTok da YouTube suna tura wa mutane abin da aka fi kallo da yaɗawa, ko gaskiya ne ko ƙarya. Labari mai tsoratarwa kuwa ya fi gudu. Sannan bayanan likitocin dabbobi galibi da Faransanci ko Turanci suke. In ka nema da Hausa, sau da yawa mai tallar magani ne ke fitowa farko. Kamfanonin suna iya gyarawa in sun so: a 2020, lokacin korona, Google ya riƙa sa bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya a sama. Lafiyar dabbobi da harshenmu ba ta samu wannan kulawa ba tukuna, don haka tantancewar tana hannunmu.

Kafin ka yarda da saƙo, yi masa tambayoyi huɗu:

1. Wa ya faɗa? In babu suna, babu wurin aiki, ajiye shi.
2. Yaushe, kuma a ina? Ana maido da tsohon bidiyo na wata ƙasa a ce na Tibiri ne ko Kore Mairuwa.
3. Yana sayar da wani abu? Mai cewa kwalba ɗaya tana maganin kowace cuta kuɗinka yake nema.
4. Akwai kibiya biyu a samansa? WhatsApp na sa wannan alama ga saƙon da aka tura sau da yawa. Yawan turawa ba shaida ba ne.

Ga abin da aka tabbatar. Cutar awaki da tumaki da ake kira PPR, mai kawo zazzaɓi, majina, gyambon baki da zawo, ƙwayar bairus ce ke haddasa ta. Teramisin ba ya kashe ta, rigakafi ne ke tare ta, kuma allura ɗaya tana kare dabba shekara uku ko fiye. Ita cutar da kanta tana sa ɓari, shi ya sa in an yi wa garken da ya riga ya kamu allura sai a ɗora wa allurar laifi. Da rigakafi aka kawar da bushiyar shanu daga duniya a 2011, kuma hukumar FAO da takwararta ta lafiyar dabbobi suna son PPR ta bi sahu nan da 2030.

Ina za a tambaya? Ofishin ma'aikatar kiwo na Dogondutsi ko na Tibiri, likitan dabbobi mai zaman kansa da aka ba izini a yankinku, ko mataimakin kiwo na ƙauyenku. In abin ya fi ƙarfinsu, su ke aika jini ko wani samfur zuwa LABOCEL, ɗakin binciken dabbobi na ƙasa.

Ƙungiya kuma tana da aikinta. Ku zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa kai wa likita duk saƙon da ya tada hankali, ya maido amsa da murya, da Hausa ko Fulatanci, tare da sunan likitan da ranar da ya yi magana. Ku kai amsar gidan rediyon karkara. Ku adana lambar likita a salular kowane makiyayi kafin tafiya mashekari.

Dabba ta kwanta, ka kira likita kafin ka buɗe kwalba. Allah ya albarkaci garke.