Ci Gaban da Aka Samu Wajen Maganin Sankarar Huhu

Sankarar huhu cuta ce wadda shan taba sigari ne babban sanadinta. Akan ce ta yi nisa idan ta bazu zuwa ƙashi ko hanta ko ƙwaƙwalwa, inda tiyata ba ta wadatarwa.

A da, abin dogaro shi ne ƙarin ruwan magani mai ƙarfi da gashi da na'ura. A shekarar 2004 masana a Amurka suka gano cewa masu wani sauyi a ƙwayar halitta mai suna EGFR suna samun sauƙi da ƙwayar magani ta gefitinib. A 2015 kuma aka amince da nivolumab, maganin da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi cutar. Waɗannan magunguna sukan tsawaita rayuwa, amma suna da tsada, kuma sai an ɗebi tsokar ciwon an auna.

Matsalar ita ce alamominta sun yi kama da na tarin fuka. Saboda haka, mazaunin Nasarawa a Birnin Kebbi ko Argungu da tarinsa ya ƙi jin magani, wajibi ne ya koma asibiti, domin a tura shi sashen sankara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.