Yadda guguwar teku ke haddasa ambaliya nesa da gaɓa

Mahaukaciyar guguwa tana samun ƙarfinta ne daga ruwan teku mai ɗumi, wanda zafinsa ya kai kimanin digiri 26. Da zarar ta hau tudu iskarta kan lafa, sai mutane su ɗauka an tsira. Ina! Tururin da ta kwaso daga teku yana nan jibge cikin gajimare. Idan tafiyarta ta yi nawa, sai ta tsaya kan yanki guda tana tafka ruwa kwana da kwanaki. In ta ci karo da tsaunuka abin ya fi muni, domin iskar kan hau sama ta yi sanyi, ta juye ruwanta a gangare.

Haka aka gani da guguwar Idai, wadda ta afka wa birnin Beira na Mozambik a tsakiyar Maris na 2019. Can cikin ƙasa, a tsaunukan Chimanimani na Zimbabuwe, ruwa ya zaftare ƙasa ya binne gidaje, sannan ya gangaro Mozambik ya cika kogin Buzi, har mutane suka kwana a kan rufi da bishiyoyi. Sama da mutum 1,000 ne suka rasu a Mozambik, Zimbabuwe da Malawi.