Tabarau Mai Kwaikwayon Zahiri: Zai Koya Wa Ƙananan Yara Lissafi?

Kamfanonin fasaha sun duƙufa wajen tallata wani tabarau da ake ɗaurawa a fuska, mai jefa mutum cikin duniyar da kwamfuta ta ƙaga. Fasahar ba sabuwa ba ce, domin tun 1968 Ivan Sutherland ya ƙera irinsa a Jami'ar Harvard ta Amurka. Sai dai ba ta kusanci gidaje da makarantu ba sai bayan da Facebook ya sayi kamfanin Oculus a 2014 kan kusan dala biliyan 2. Yau ana gabatar da ita a matsayin maganin tsoron lissafi da ke addabar yara.

Akwai ƙamshin gaskiya a zancen. A 1966 masanin ilimi Jerome Bruner ya bayyana cewa fahimtar yaro tana bin matakai uku: sarrafa abu da hannu, ganin hotonsa, sannan alamarsa a rubuce. Tabarau yana da ƙarfi a mataki na biyu. Ɗalibi zai iya zagaya siffar dala ya ƙirga fuskokinta, abin da zanen allo ba zai ba shi ba.

Amma matakin farko fa? Ɗan shekara 6 yana gane ma'anar bakwai ne idan ya jera duwatsu bakwai, ya cire uku, ya ga saura huɗu a tafinsa. Hoto ba shi da nauyi, kuma ba ya taɓuwa. Ga kuma batun lafiya: idan ido ya ga motsin da jiki bai ji ba, jiri da tashin zuciya kan biyo baya. Kamfanin Meta da kansa bai amince yaro ƙasa da shekara 10 ya sa tabaransa na Quest ba. Sannan dogaro da kamfani tamkar hawa dokin aro ne: Google ya ƙaddamar da manhajar Expeditions don makarantu a 2015, ya rufe ta a 2021.

Saboda haka, kafin wata gwamnatin jiha ko mai makarantar kuɗi ya rattaba hannu a kan kwangilar sayo tabarau, ya fara tambaya: malamin aji ɗaya ya iya koyar da ragewa da murafun kwalba da tsinken tsintsiya? Idan bai iya ba, a kashe kuɗin wajen horar da shi. Tabarau ya jira 'yan ƙaramar sakandare, inda darasin siffofi zai amfana da shi.