Kiwon Kare Da Kwikwiyo

A ƙasar Daura da wuya ka shiga ƙauye ko ruga ba ka ji haushin kare ba. Daga Sandamu zuwa Baure, daga Zango zuwa Mai'aduwa, duk haka ne. Mafarauci yana da nasa. Bafillace yana da nasa mai bin shanu. Mai lambu a bakin ruwan Daberam ko Sabke yana son wanda zai kwana wurin injin ban ruwa. Mai awaki kuwa ya san barcinsa ya fi daɗi in akwai kare a bakin garke.

Amma mu faɗi gaskiya. Yawancinmu aikin kare muke so, ba mu son ɗawainiyarsa. Mu karɓo kwikwiyo, yara su yi wasa da shi kwana biyu, sa'an nan a sake shi ya nemi na kansa. Ya bi juji, ya bi mahauta, ya bi bayan gari. Can zai gamu da karnukan da ba su da ubangida, su yi faɗa, su cije shi. Da dare ya komo gida ya kwanta inda 'ya'yanmu suke wasa. Ta wannan hanya ce ciwon haukan kare yake shigowa gida, ciwon da in ya bayyana a jikin mutum ba ya tashi. Saboda haka maganar tuwon kare ba ƙaramar magana ba ce. Karen da ya ƙoshi a gida ba shi da dalilin yawo.

Malamanmu sun gaya mana an yarda a ajiye kare don farauta, ko tsaron dabbobi, ko tsaron gona. Sun kuma ba mu labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. To, wanda ba ya bukatar kare, kada ya ɗauko. Wanda ya ɗauko kuwa, amana ya ɗauka.

Tun yana kwikwiyo

Karya takan ɗauki ciki kwana 63 ko kusa da haka, watau wata biyu da 'yan kwanaki. 'Ya'yan sukan zo ido a rufe. Sai sun yi kwana 10 zuwa 14 suke buɗewa. A wannan lokaci ba abin da suke bukata sai nonon uwa da ɗumi. In haihuwar ta faɗo cikin hunturu, a ba ta wani lungu inda iska ba ta bugawa, a shimfiɗa tsohon buhu ko ƙaiƙayi. Sanyi yana kashe jariran kare da sauri. Uwar kuma a ninka mata abinci, don ba ita kaɗai take ci ba.

Kuskuren da muka fi yi shi ne gaggawa. Yaro ya ga kwikwiyo ya buɗe ido, sai ya sa shi cikin riga ya kawo gida. Irin wannan ne yake kwana yana kuka, ya rame, ya mutu cikin mako. A bar kwikwiyo wurin uwarsa sai ya cika mako 8. In ya yi mako 3 ko 4 zai fara lasar abinci. A dama masa kunu marar zafi, a zuba ɗan nono, a sa a kasko mai faɗi. Daga nan a riƙa ƙara masa kauri, har ya kai ga cin tuwo da aka marmasa.

Cikin kwikwiyo ƙarami ne. A ba shi kaɗan-kaɗan sau 4 a yini har ya yi wata 3. Daga nan sau 3 har wata 6. Babban kare sau 2 ya ishe shi, safe da maraice.

Abin da za a zuba a kasko

Ba mu ce a sayo abincin gwangwani ba. Abin da muke nomawa ya isa. Tuwon gero ko na dawa yana ba kare ƙarfi. Amma tuwo tsura ba ya gina jiki. Sai a haɗa da abin da ke sa tsoka: dafaffen wake, ko nono, ko garin ƙuli-ƙuli mai kyau, ko kan kifi, ko guntayen nama da kayan ciki da ake samu da araha wurin mahauta. Kayan ciki lalle a dafa. Huhu ko hanta da mahauci ya yar saboda ya ga ƙurji mai ruwa a jiki, kada a jefa wa kare ɗanye. Tsutsa ce a ciki. Za ta girma a hanjin kare, ƙwanta ya fito cikin kashinsa, ya koma wa tumaki da mutane.

Akwai abin da ba a ba kare. Dafaffen ƙashin kaza ko na zabo yana tsagewa kamar tsinke, ya soke shi a maƙogwaro ko a hanji. In za a ba shi ƙashi, a ba shi babban ƙashin sa wanda zai yi ta gwagwiya. Albasa mai yawa tana lalata masa jini. Tuwon da ya yi furfura da gyaɗar da ta ruɓe guba ne gare shi, kamar yadda suke gare mu. Mun ji waɗansu suna zuba barkono a abincin kare wai don ya yi zafin rai. Ba ya ƙara masa kome sai gudawa.

Sai ruwa. Kare ba ya gumi irin namu. Da haki yake fid da zafi, shi ya sa kuke ganinsa harshe a waje. Cikin bazara, watan Afrilu da Mayu, karen da aka ɗaure a rana ba ruwa yana iya mutuwa kafin la'asar. A ajiye masa kaskon ruwa a inuwa, a riƙa cikawa. Kaskonsa daban, ba ya haɗa kwano da mutanen gida. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

Horo

Hausawa sun ce ba a kiwon kare ranar farauta. Horo tun yana wata 2 ake farawa, kuma a bakin kasko ake farawa. A sa masa suna gajere, kamar Duna. Duk lokacin da za a ba shi abinci a kira sunan. Cikin 'yan kwanaki zai gane. Sa'an nan a koya masa kalmomi kaɗan: zo, zauna, bari, fita. Mutanen gida duka su riƙe kalma ɗaya. In maigida ya ce fita, uwargida ta ce tafi, yara suna cewa kai, kare ba zai san na wa zai bi ba.

In ya yi daidai, a ba shi ɗan ƙuli nan take, a yi masa murya mai daɗi. In ya yi kuskure, a tsawata masa a daidai lokacin. Wanda ya dawo daga gona ya tarar kare ya fasa ƙwai tun da hantsi, ya kama dukansa, wahalar banza ya yi. Karen bai san laifin da ya yi ba. Abin da ya koya kawai shi ne, in maigida ya dawo a gudu. Yawan duka abu biyu yake haifarwa, ko kare matsoraci wanda ba ya yi wa ɓarawo haushi, ko kuwa mai cizon kowa. Haka kuma wanda aka ɗaure da gajeren igiya dare da rana.

Kwikwiyon da ya tashi cikin kaji da 'yan awaki yakan ɗauke su 'yan gida. A riƙa kai shi wurinsu yana ƙarami, ana kallo. Da ya zabura zai bi kaza, a ce bari. Tun a lokacin kuma za a nuna masa iyakarsa: ba ya shiga ɗaki, ba ya zuwa wurin salla, ba ya kusantar randa.

Karen farauta wurin tsohon kare yake koyo. In ya yi ƙwari sai a riƙa fita da su tare. Abu mafi wuya shi ne koya masa ya komo in an kira, ya kuma saki zomo in an ce bari. Wannan ba don nama kaɗai ba ne. Malamai sun bambanta hukuncin abin da horarren kare ya kama da na wanda ba shi da horo. Mafarauci ya tambayi limaminsu ya ji bayani. Yanke kunne kuwa, da waɗansu suke yi wai don kare ya yi jarunta, mu dai ba mu ga abin da yake ƙarawa ba sai ciwo da ƙuda.

Yara ma suna bukatar horo. A hana su jifan kare. A hana su zuwa wurinsa yana cin abinci, ko yana barci, ko wurin karya mai jego.

Kaska da tsutsa

Kwikwiyo mai ƙaton ciki da ƙananan ƙafafu, gashi a hargitse, tsutsar ciki ce take cinsa. Kusan kowane kwikwiyo da ita yake tashi, daga uwa yake samu. Ana fara ba shi magani tun yana mako 2, a maimaita bayan kowane mako 2 har ya yi wata 3. Babba kuwa bayan kowane wata 3. Malamin dabbobi ne zai auna yawan maganin, gwargwadon nauyin kare. A riƙa kwashe kashin kare ana binnewa, don yara masu rarrafe.

Da damina kaska takan yi yawa. A duba cikin kunne da tsakanin yatsu. Kada a wanke kare da maganin feshin gona, ko fiya-fiya, ko baƙin mai. Kaskar za ta mutu, amma sau da yawa har da karen. Akwai maganin da aka yi don wannan aiki. Kwikwiyon da ya kama amai da gudawa mai jini kuwa, a ware shi, a nemi malamin dabbobi ran nan. Wannan ciwo yana da allurar rigakafi da ake yi wa kwikwiyo tun yana mako 6 zuwa 8.

Wanda ba ya son ƙarin 'ya'ya, ya tsare karyarsa a gida mako 3 in ta fara neman maza. Ya fi a haifa a kai bayan gari a zubar, su zama karnukan yawo.

Haukan kare

Yanzu mun zo kan babbar magana. Ƙwayar wannan ciwo tana cikin yawun karen da ya kamu. In ya ciji mutum, sai ta bi jijiya sannu a hankali har ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata 1 zuwa 3. A tsakanin nan wurin cizon ya warke, kowa ya manta. Sa'an nan zazzaɓi ya zo, mutum ya kasa haɗiyar ruwa, yana ganin ruwa yana firgita. In an kai nan, ba asibitin da yake da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kamar 59,000 ne suke mutuwa da shi kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Cikin kowane 10 kuwa wajen 4 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Shanu da jakuna da awaki ma suna kamuwa.

Amma akwai rigakafi, kuma ba sabon abu ba ne. Tun 1885 wani masani a ƙasar Faransa mai suna Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron ya rayu. A Nijeriya ma'aikatar binciken ciwon dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar karnuka. Ana yi wa kwikwiyo in ya cika wata 3, sa'an nan a maimaita kowace shekara. Masana sun ce in an yi wa kare 7 cikin kowane 10 na gari, ciwon yakan rasa hanyar yaɗuwa. Watau allurar karenka kaɗai ba ta isa ba, sai da ta maƙwabta. Mu da muke bakin iyaka, inda makiyaya da karnukansu suke shiga Nijar suna fitowa kowace shekara, abin ya fi shafarmu. Ya kamata mai unguwa ya ƙidaya karnukan unguwarsa, a gaya wa dagaci, a nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ya zo rana ɗaya a yi wa duka.

Yaya ake gane mahaukacin kare? Wani yakan canza hali, ya yi ta yawo, yana cizon icce da dutse da duk abin da ya tarar, muryarsa ta dushe. Wani kuwa ba ya faɗa. Sai ya yi shiru, baki a sake, yawu yana zuba, kamar ƙashi ya maƙale masa. Wannan shi ya fi yaudara. Kada kowa ya sa hannu a bakinsa wai zai ciro ƙashi.

In kare ya ciji mutum, ko ya yakushe shi, ko ya lashi wurin da ke da rauni, abin farko ruwa da sabulu. A yi ta wankewa ana kwarara ruwa minti 15. Minti 15 yana da tsawo, a duba agogon waya kada a rage. Kada a ɗaure wurin tam. Kada a tsaya ƙona gashin karen ana shafawa, wannan ba ya kashe ƙwayar. A tafi asibiti ran nan, ko da cizon ƙarami ne, balle in a fuska ne ko wuya ko hannu, inda ciwon ya fi saurin kaiwa ƙwaƙwalwa. In babu allurar a asibitin ƙauye, a wuce babban asibitin Daura, in ta kama har Katsina. Allurar ba guda ɗaya ba ce. Za a faɗi ranakun komowa, kada a tsallake ko ɗaya.

Karen da ya yi cizon, in na gida ne kuma yana da lafiya, kada a yi saurin kashe shi. A kulle shi kwana 10, ana tura masa abinci da ruwa daga nesa. In yana da ciwon a yawunsa ranar da ya yi cizon, zai nuna ko ya mutu cikin kwanakin nan. Amma wanda aka ciza ba zai zauna jiran kwana 10 ba, ya fara allura tun ranar farko. In kuwa an riga an kashe karen, kada a feɗe, kada a taɓa da hannu. A kira malamin dabbobi.

Ranar da aka yi wa karenka allura, ka nemi takardar shaida. Ka karanta kwanan watan da kanka, ka rubuta na baɗi a bangon littafinka na aji. Takardar kuma ka sa ta a leda, ka ajiye tare da takardun gona. In wata rana karen ya ciji ɗan maƙwabci, ka ɗauke ta ku tafi asibiti tare da uban yaron.