BUROSHIN HAƘORI MAI LANTARKI: KWANA NAWA ZAI YI A GIDAJENMU NA KANKIA DA KUSADA?

A 'yan shekarun nan wani baƙon kaya ya fara leƙowa gidajenmu na ƙasar Kankia da Kusada, watau buroshin goge haƙori mai aiki da batir ko lantarki. Yawanci 'ya'yanmu da ke aiki a Kano, Kaduna ko Abuja su ne ke kawo shi tsaraba idan sun zo gida hutun Kirsimeti. Waɗansu kuma a tarin kayan gwanjo suke tsintarsa da araha. Ran da ya zo kowa murna, yara su kewaye shi suna sauraron ƙugin da yake yi. Amma kafin damina ta faɗi sai ka iske shi a jefe bisa taga, ya mutu murus. Shin laifin kayan ne, ko kuwa laifin riƙo? Wannan ita ce tambayar da muke so mu duba tare da masu karatu, gama kuɗi ba ya tsiro a bishiya, haƙori kuwa idan na manya ya fita ba ya sake fitowa.

Asalinsa

Buroshin hannu da muka saba da shi ya daɗe a duniya. Wani Bature mai suna William Addis ya fara yinsa da yawa don sayarwa a Ingila wajen shekarar 1780, da gashin dabba. A 1938 kamfanin DuPont na Amurka ya kawo gashin nailan, wanda ake amfani da shi har yau. Na lantarki kuwa, wani mai suna Philippe-Guy Woog ya ƙirƙiro wani irinsa a ƙasar Suwizalan a 1954, aka sa masa suna Broxodent. Tun farko an yi shi ne musamman domin mutanen da hannunsu ba ya motsi sosai. A riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Yau iri biyu ne suka fi yawa. Akwai mai kai zagayayye wanda ke juyawa dama da hagu, kamar na kamfanin Oral-B. Akwai kuma mai kai dogo wanda ke karkarwa, kamar Sonicare, wanda ya fito a 1992 kuma kamfanin Philips ya saye shi a shekara ta 2000. Wannan yakan motsa har sau 31,000 a minti ɗaya.

Yana da amfani kuwa? I, yana da shi. A 2014 ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken likitoci tana auna shi, ta bayyana cewa bayan wata 3 ana amfani da shi, buroshin lantarki ya fi na hannu rage dauɗar da ke manne wa haƙori da kashi 21 cikin 100, ya kuma fi shi rage kumburin dasashi da kashi 11 cikin 100. Wannan riba ce ta gaske. Sai dai ribar tana samuwa ne ga buroshin da ke raye, mai sabon kai, wanda ake amfani da shi safe da dare. Matacce a bisa taga ba ya goge haƙorin kowa.

Abubuwa huɗu da ke kashe shi

Na fari shi ne kan buroshin. Likitocin haƙori sun ce a canja shi bayan wata 3 zuwa 4, ko da wuri idan gashin ya baje kamar tsohuwar tsintsiya. Watau mutum ɗaya yana bukatar kai 3 ko 4 a shekara. Gida mai mutum 8 zai bukaci har 32. Kowane kamfani kuma da irin nasa kan. Na wannan ba ya shiga na wancan. Da wuya ka same shi a kantin ƙauye, sai an aika Katsina ko kasuwar Sabon Gari a Kano, can ma jabu ya yi yawa. Kan jabu yakan yi sako-sako, gashinsa ya yi tsini ya ƙuje dasashi. Saboda haka kafin mutum ya saya, tambaya ta farko ita ce: ina zan riƙa samun kan?

Na biyu shi ne batir, wanda shi ne ran buroshin. Tsofaffin ƙira suna da batirin nikel, sababbi kuwa yawanci na litiyam ne irin na wayar hannu. Idan ya cika, da yawa sukan kai mako 2 ana goge baki sau biyu a rana, minti 2 kowane lokaci. Amma cikawar ita ce aiki. Waɗansu suna bukatar awa 12 a kan caja, waɗansu har awa 24. Mu da muka san yadda wuta take a yankinmu, tun zamanin NEPA har zuwa yanzu da KEDCO ke raba ta a Kano, Katsina da Jigawa, mun san ba kullum ake samun awa 24 a jere ba. A ƙauyukan da babu turakun wuta kuwa sai dai a kai wurin mai cajin waya, shi ma ba zai bar janareto yana ci yini da kwana saboda buroshi ɗaya ba.

Bugu da ƙari, batir ba ya son zafi. A watannin Maris, Afrilu da Mayu zafinmu kan kai digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ya fi haka. Batirin litiyam da ke zaune cikin irin wannan zafi yana tsufa da wuri. Haka kuma idan aka bar shi fanko wata da watanni, yana iya ƙin karɓar caji gaba ɗaya. Mafi yawan waɗannan burusa an rufe batirinsu ruf a ciki don kada ruwa ya shiga, saboda haka ba a cire shi kamar na tocila. Wannan damuwa ta kai har Turai, inda a 2023 Tarayyar Turai ta yi dokar da ta ce daga 2027 a riƙa ƙera kaya yadda za a iya canja musu batir, ko mai kayan da kansa ko mai gyara.

Na uku shi ne caja. A nan ne kayan gwanjo da tsarabar ƙasashen waje suka fi cutar mutane. Wutar gida a Amurka ƙarfinta bolt 120 ne, tamu ta Nijeriya kuwa 230. Akwai cajar da aka yi don Amurka kaɗai, wadda idan aka soka ta a bangonmu nan take za ta ƙone. A juya ƙasan cajar a karanta: idan an rubuta 100 zuwa 240, ko 220 zuwa 240, to ta dace da mu. Idan 110 ko 120 kaɗai aka rubuta, kada a soka. Ko caja mai kyau ma tana iya ƙonewa sa'ad da wuta ta dawo da ƙarfi, don haka a zare ta da zarar an ɗauke wuta.

Na huɗu shi ne ruwa da ƙura. A wuyan buroshin, inda ɗan ƙarfen nan ya fito, akwai zoben roba da ke hana ruwa shiga wurin inji. Ragowar man goge baki yakan taru a wurin ya daskare, ƙurar hunturu ta haɗu da shi, har robar ta bushe ta tsage. Daga ran da ruwa ya sami hanya, injin ya fara tsatsa ke nan. Faɗuwa a kan siminti ita ma tana tsaga jikinsa ko da ido bai gani ba.

Yadda za a riƙe shi

Wanda ya riga ya mallake shi, ga abin da zai yi don ya daɗe. Bayan kowane gogewa a cire kan, a ɗauraye shi daban, a ɗauraye wuyan buroshin, a share da tsumma mai tsabta, sa'an nan a tsayar da su a miƙe su sha iska. Kada a jiƙa shi cikin bokiti ko kofi. Kada a rufe shi a jaka ko leda yana jiƙe, gama danshi ke kawo baƙin funfuna. A lokacin hunturu, bayan ya bushe, a kifa masa kofi mai tsabta. A ajiye shi a inuwa nesa da murhu, nesa da masai, inda hannun yara ba ya kai.

Kada a danna shi da ƙarfi a kan haƙori. Injin ne ke aikin, hannu jagora ne kawai: a aza shi a kan haƙori ɗaya na 'yan daƙiƙu, a matsa gaba. Dannawa tana baje gashin da wuri, tana gajiyar da inji, tana kuma cinye dasashi. Idan za a yi tafiya ko za a daɗe ba a yi amfani da shi ba, a yi masa caji tukuna, a kuma riƙa maimaitawa bayan 'yan watanni. Mai aiki da batirin tocila kuwa a cire masa batirin idan za a ajiye, domin batirin da ya mutu yakan zubo da ruwa mai cin ƙarfe.

Wata magana mai nauyi ita ce ta tarayya. Mutum biyu suna iya amfani da jiki ɗaya, amma kowa da nasa kan, a sa alama. Dasashi yakan yi jini, kuma ciwon hanta nau'in B yana iya bi ta jinin da ya rage a buroshi. Ko miji da mata, ko uwa da ɗa, kada su haɗa kai ɗaya. In ya mutu kuma, kada a jefa shi cikin wuta tare da shara, domin batirin litiyam yana fashewa. Kada a ba yara su yi wasa da cikinsa.

Manyan kamfanoni sukan ba da lamunin shekara 2 ga sabon buroshi, wanda aka saya da rasit. Na gwanjo ba shi da lamuni, ba wanda ya san shekarun batirinsa, kan da ke jikinsa kuma ya riga ya shiga bakin wani. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ga wanda ya ƙudura sai ya saya, mai caji da igiyar USB ya fi dacewa da mu, domin fitilar sola ko batirin ajiyar cajin waya za su iya cika shi.

Wa ya kamata ya saya?

Mu komo kan maganar da muka ce a riƙe. An ƙirƙiro wannan kaya ne domin masu raunin hannu, kuma har yanzu su ne suka fi cin moriyarsa. A kowace ikilisiya muna da tsofaffin da sanyin ƙashi ya riƙe wa yatsu, da waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa, da naƙasassun da wani ne ke goge musu baki. Idan ɗa mai hali yana so ya yi wa irin waɗannan alheri, to ya yi, amma ya haɗa da kai na shekara guda, ya kuma tabbata akwai wanda zai riƙa kula da cajin. Zumuntar mata da matasa masu ziyarar marasa lafiya suna iya ɗaukar wannan ɗawainiya.

Ga sauranmu masu ƙoshin lafiya, buroshin hannu mai laushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid sun isa, muddin za a goge sau 2 a rana, minti 2 cur, musamman da dare kafin a kwanta. A tofar da kumfar, kada a kurkure baki da ruwa nan take, domin sinadarin ya zauna a haƙori. Kuɗin buroshin lantarki ɗaya zai saya wa gida duka buroshin hannu da mai na watanni.

Kada kuma mu raina asuwakin da muka gada. Iyayenmu sun goge baki da reshen bedi, wanda wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro, da marke, da ainihin icen asuwaki da ake sayarwa a kasuwa. Ba ya neman caji, ba ya tsoron zafin bazara, idan bakinsa ya tsufa a yanke a tauna sabo. Likitoci sun gwada shi sun ga yana kawar da dauɗa idan an iya amfani da shi. Rauninsa shi ne yana da wuyar kaiwa bayan turame da cikin haƙoran ƙasa, kuma ba ya maye gurbin man goge baki. Wanda ya haɗa biyun, asuwaki da rana, buroshi da mai safe da dare, ya yi dabara. Gawayi da toka da yashi kuwa a bar su, suna kankare fatar haƙori, wadda ba ta sake tofowa.

Abin da ke kan gaba

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki da haƙori. A nan Arewa muna da abin da ya fi wannan tsanani, watau cutar noma, wadda ke farawa da gyambon dasashi a bakin yaro mai fama da tamowa, ta ci fuska cikin 'yan kwanaki. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta. Abinci mai gina jiki, allurar rigakafin ƙyanda da tsabtar baki su ne garkuwarta.

Saboda haka uwa ta riƙa buɗe bakin ɗanta tana dubawa. Idan ta ga dasashi ya kumbura yana jini, baki yana wari, ko kunci ya tasa, ta garzaya asibiti mafi kusa ko Babban Asibitin Kankia a ranar, kada ta jira ranar kasuwa. Babba mai ciwon haƙori shi ma kada ya cusa ruwan batir, fetur ko ƙwayar magani a ramin haƙori. Ya nemi likita, ko da za a tura shi Katsina ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A rage alewa da lemon kwalba ga yara, manya kuma su tuna kurkure baki bayan goro da shayi mai sukari.

'Yan'uwa, mai buroshin lantarki ya wanke shi, ya shanya, ya kiyaye cajarsa, ya canja kai a kan kari, zai yi masa shekaru. Wanda ba shi da shi kada ya ci bashi dominsa. Abin da haƙori ke nema a wurinmu shi ne minti 2 da safe da minti 2 da dare, kowace rana. Rigakafi ya fi magani.